Darasi na 12: Sa Shakazoba a Ƙafar Bayan Mota

Karanta wannan bayani, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

Shakazoba ita ce ke hana mota yawan tsalle a kan gargada. A wasu motoci, kamar tsohuwar Toyota Camry, shakazobar baya tana cikin wani murɗaɗɗen sifirin, kuma tare suke ɗaukar nauyin mota. Idan ta lalace, mai yakan tsiyayo daga jikinta, taya ta riƙa cinyewa, birki kuma ya rage kamawa.

Sa sabuwa aiki ne mai haɗari, saboda haka bakanike yakan bi shi daki-daki:

1. A tsayar da mota a wuri mai lebur, a sa wa tayoyin gaba waigi.
2. A sassauta notunan taya, a ɗaga mota da jak, a tokare ta da ƙarfe mai ƙarfi. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.
3. A cire taya, a raba tiyon birki da jikin shakazoba.
4. A kwance kusoshi 2 na ƙasa, sannan notuna 3 na sama, waɗanda ke bayan kujerar baya.
5. A matse sifirin da abin matse shi kafin a taɓa notin tsakiya. In ba haka ba, zai yi tsalle ya ji wa mutum mummunan rauni.
6. A mayar da sifirin kan sabuwar shakazoba, a ɗaura sama, sannan ƙasa, a ƙara ƙarfin kowane noti.
7. A mayar da tiyo da taya, a sauke mota.

Akan canza ta hagu da ta dama tare, domin kada mota ta karkata.

Sababbin Kalmomi
gargada: hanya mai kwazazzabai da ramuka
waigi: itace ko dutsen da ke hana taya gangarawa
daki-daki: ɗaya bayan ɗaya

Nahawu
Ana ba da umarni da "a", ana hani da "kada a": a cire, kada a cire.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin shakazoba?
2. Kawo alamomi biyu na lalacewarta.
3. Don me ake matse sifirin?

Jinga
Rubuta jimloli biyar da "kada a".