Yadda ake ceto bayanan ciniki da jonal a na'urar IBM i

Ranar Talata, 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya malale Gwange da Kasuwar Monday Market. Ɗauka cewa na'urarka tana can a hawa na ƙasa, kuma kwafinka na ƙarshe na daren Juma'a ne. Cinikin Asabar zuwa Litinin ya tafi ke nan, sai in kana da jonal.

A IBM i, wadda tsofaffin ma'aikata suke kira AS/400 tun fitowarta a 1988, jonal kamar yaron shago ne mai rubuta kowace shiga da fita, da lambarta da lokacinta. Littafin da yake rubutu a ciki shi ne rasiba.

Fara da littafin: CRTJRNRCV. In da hali, ajiye shi a faifai dabam da na bayanan. Sai jonal ɗin: CRTJRN, ka haɗa shi da littafin, ka sa DLTRCV(*NO) don kada na'ura ta goge rasibar da ba ka kwafe ba. Daga nan STRJRNPF a kan fayilolin ciniki, da IMAGES(*BOTH). Zai ci wuri, amma shi ke adana yadda layi yake kafin a taɓa shi da bayan an taɓa. Ba tare da shi ba RMVJRNCHG ba zai iya warware kuskuren akawu ba.

Nan ake yawan tuntuɓe: da zarar jonal ya fara aiki, ɗauki sabon kwafi da SAVLIB a take. Kwafin da aka ɗauka kafin nan bai san jonal ba, canje-canjen ba za su hau kansa ba.

Kullum, ko da azahar da magariba in ciniki ya yi yawa, canja rasiba da CHGJRN JRNRCV(*GEN), ka kwafe tsohuwar a tef da SAVOBJ. Tef ɗin ya bar ginin, don Allah. Na fi damuwa da wannan a kan komai, domin tef a durowa kusa da na'ura tare za su sha ruwa. Mai reshe a Kano ko Abuja ya kafa ADDRMTJRN, ya kunna da CHGRMTJRN, kowane layi ya riƙa tafiya can ta intanet.

Ranar da abin ya faru, kada ka yi gaggawa. Dawo da jonal tukuna, sannan fayiloli, sannan rasibobi duka, ba tare da ɓatan ko ɗaya a tsakiya ba. Duba DSPJRN ka gano sa'ar da ɓarna ta soma. Sai APYJRNCHG daga *LASTSAVE zuwa wannan sa'ar a TOTIME.

Kafin damina ta kama, gwada duk wannan a wata na'ura, ka kwatanta jimillar kuɗin da ta fito da ta littafin mai karɓar kuɗi.