Mabuɗin Fim a Finafinan Fargaba: Nazari Daga Mahangar Mai Kallo a Lolo

Gabatarwa

Mabuɗin fim shi ne ɗan tsakanin da ake jero sunan fim da na kamfani da na 'yan wasa kafin labari ya kankama. Wannan maƙala ta dubi aikinsa a finafinan fargaba, wato waɗanda aka gina kan laifi da ɓoyayyen sirri, tare da auna shi da idon mai kallo a Lolo, garin kan iyakar Nijeriya da Binin a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi.

Aikin Mabuɗi

Aikinsa na fili shi ne bai wa kowa haƙƙinsa ta hanyar ambaton suna. A finafinan fargaba kuwa yana da wani aikin: dasa tsoro tun ba a ga abin tsoron ba. Saul Bass ya nuna haka a finafinan Alfred Hitchcock. A Vertigo, na 1958, ya buɗe da idon mace, wasu zane-zane na juyawa daga cikinsa kamar hajijiya. A Psycho, na 1960, layuka ne ke ratsa sunayen suna tsaga su, kiɗan Bernard Herrmann yana ingiza su da gaggawa; tsagewar sunayen ishara ce ga rabuwar hankalin makashin, wadda ba za a bayyana ba sai ƙarshen fim. Kyle Cooper ya ƙara gaba a Se7en, na 1995, inda aka nuna hannuwan makashi yana kankare fatar yatsunsa da reza, alhali shi kansa ba zai fito fili ba sai fim ya yi nisa.

Finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, sun fi ɗaukar mabuɗi a matsayin allon sanarwa: tambarin kamfani, godiya, sai jerin sunaye, galibi da muƙamai cikin Ingilishi. Ga fim ɗin soyayya wannan bai cika yin illa ba. Ga na fargaba asara ce, domin mintunan farko, da ya kamata su kama numfashin mai kallo, sun tafi a rubutun da yake jiran ya wuce.

A Lolo matsalar ta fi fitowa. Masu kallo sun haɗa da Hausawa da Dandawa da Fulani, wasu kuma daga tsallaken iyaka, wajajen Malanbil, inda bokon Faransanci ne. Wani da ajami kawai ya saba. Rubutun Ingilishi ba ya isar wa yawancinsu da komai, ga shi a allon waya haruffan ƙanana ne. Amma inuwar mutum a bakin zaure, ko ƙarar kwale-kwale cikin dare a Kogin Kwara, ba su bukatar tafinta. Mabuɗin da ya dora sunayen a kan irin wannan hoto da sauti ya fi samun a kalle shi har ƙarshe, ta haka kuma sunan mai ɗaukar hoto da na mai tacewa za su tsira daga yatsan da ke tura fim gaba.