Tsarki Da Sallar Mai Yoyon Fitsari Da Mai Leda A Ciki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata jarrabawa da Allah kan ɗora wa wasu bayinSa, wadda kunya kan hana a tambayi malamai a kanta, watau fitar ƙazanta ba da son mutum ba. Wani tsufa ne ya sa fitsari ke ɗigo masa, ko kuma an saka masa roba. Wata doguwar naƙuda ce ta bar ta da yoyon fitsari. Wani kuwa hanjinsa ne ya sami matsala saboda zazzaɓin taifot, ko ciwon daji, ko hatsari, sai likita ya buɗe masa ƙofa a jikin cikinsa, bayan gida ya riƙa fita ta nan zuwa cikin wata leda da a ke mannawa a fata. Wannan ƙofa ita likitoci ke kira sitoma. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah sukan jingine salla sai ranar da suka warke, domin a ganinsu mai ɗauke da najasa ba ya tsayawa gaban Ubangiji. Wannan kuwa kuskure ne babba, domin irin wannan larura ba ta ɗauke wa mutum salla muddin yana cikin hankalinsa.

Ayar alwala, aya ta 6 a Suratul Ma'ida, da ta zo ƙarshe sai ta bayyana cewa ba ƙunci Allah ke nufin bayinSa da shi ba, tsarkake su Ya ke nufi. Faɗimatu 'yar Abu Hubaishi ta kawo kuka wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa jini ba ya ɗauke mata, ko ta bar salla? Ya hana ta bari, sai a kwanakin hailarta kaɗai. Haka kuma Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar, bayan an soke shi a shekara ta 23 bayan Hijira, ya yi salla jini na kwarara daga rauninsa.

Hukuncin alwala

Malaman Malikiyya suna kiran abin da ke fita ba da iko ba da sunan salas, ko fitsari ne, ko bayan gida, ko iska. Sun duba yawan lokacin da ya ke ɗauka. Idan ya lizimci mutum dukkan lokaci, ba ya warware alwala. Idan yana zuwa a mafi yawan lokaci, ko rabinsa, nan ma ba ya warware ta, sai dai an so mai shi ya sake alwala ga kowace salla in babu wahala, kamar yadda Ibn Abi Zaidi ya ambata a Risala. Amma idan ɗaukewarsa ta fi zuwansa yawa, to, yana warware alwala a mashahurin zance. Wanda kuma ya san yoyon kan tsaya masa a farkon lokacin salla ko a ƙarshensa, sai ya nufi wannan lokaci da sallarsa.

Zancen ƙofa a ciki ba sabo ba ne ga malamai. Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 8 bayan Hijira, ya kawo shi a Muhtasar. Idan hudar tana ƙasa da tumbi, kuma mafita biyu na asali sun toshe, abin da ya fito ta nan hukuncinsa hukuncin hadasi ne. Idan ba haka ba, akwai zance biyu. Ko ta wane zance aka bi, mai sitoma ba shi da ikon riƙe abin da ke zuba cikin ledarsa, don haka sauƙin da aka yi wa mai salas ya haɗa da shi. Sai dai ya lura, in ya yi fitsari da sonsa ta hanyar da ya saba, ko ya yi barci mai nauyi, alwalarsa ta warware kamar ta kowa.

Tufafi, wanka da jam'i

Najasar salas da ke samun jiki ko tufa kowace rana, ko da sau ɗaya ne, abar afuwa ce, an dai so a wanke in ta yi yawa. Ledar da ke manne a ciki ba ta ɓata salla. A wankan janaba kuma ba dole a ɓamɓare ta ba in akwai cutarwa ko wahala. Sai a wanke kewayenta, a shafi abin da ya rufe fatar kamar yadda a ke shafar ɗaurin karaya.

Yana da damar zuwa masallaci in ya amince ba zai ɓata shimfiɗa ba, amma makaruhi ne ya yi wa masu lafiya limanci. In sujada tana cutar da wurin aikin, ya yi nuni, ko ya yi salla a zaune, kamar yadda aka sauƙaƙa wa Imrana ɗan Husaini lokacin da basir ya dame shi. Risala ta kuma yarje wa mai ciwon ciki haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i, in hakan ya fi masa sauƙi.

Dabarun yau da kullum

Na ɗaya, a juye leda kafin ta wuce rabi, musamman gab da alwala, domin cikakkiyar leda ita ke ɓallewa a ruku'u. Na biyu, a canja ta da sassafe kafin a karya kumallo, lokacin da hanji ya lafa. A wanke fatar da ruwan ɗumi, a bari ta bushe sarai, kada a shafa mai, domin mai da gumi suna hana ta kamawa. A yanka bakin ledar daidai girman ƙofar, don kada ƙazanta ta ci fata. Na uku, kada tazuge ya hau kan wurin. Na huɗu, a tauna abinci ƙwarai, a rage wake da albasa da kabeji da lemon kwalba ranar Juma'a ko ranar tafiya, saboda iska. Na biyar, kada a fita sai da leda ta ajiya da tsumma mai tsabta. Maniyyaci kuma ya riƙe isassu a jakar hannunsa.

Mai yoyon fitsari ya keɓe wando da zanen salla, ya yi ƙunzugu mai tsabta, kuma kada ya ƙaurace wa ruwa don tsoron yoyo, domin ƙarancin ruwa na ƙara wa fitsari wari da zafi. Wanda ƙofarsa ta ƙaramin hanji ce yana asarar ruwa da gishiri da yawa, saboda haka kada ya ɗauki azumi sai ya shawarci likita. In launin ƙofar ya yi duhu, ko ta daina fitar da kome ga ciwon ciki da amai, a garzaya asibiti.

Neman magani

Uzurin mai salas ba ya ɗauke masa neman magani in yana da iko. Yoyon fitsarin haihuwa ana ɗinke shi, akwai cibiyoyi domin haka kamar ta Babbar Ruga a Katsina da ta Danja kusa da Maraɗi. Wata sitoma ma ta wucin gadi ce, ana mayar da hanji in ya warke. Haƙƙi ne a kan miji ya kai matarsa asibiti, ba ya kore ta gidan iyayenta ba, alhali wajen haifa masa ɗa ta sami wannan larura. Haka 'ya'ya, su taimaki tsohonsu da ruwan alwala da wankin tufa, ba tare da tsaki ko toshe hanci ba. Wanda Shari'a ta karɓi sallarsa, babu mai ikon ƙyamar zama da shi.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa wahalarsu ta zama kankarar zunubi. Allah ne Mafi sani.