Ga Masu Nufin Duwatsun Nepal da Kaka

 'Ya'yana, labari yana iso ni cewa wasunku da ke karatu a Indiya, da waɗanda ke neman abinci a ƙasashen Larabawa, sun fara sha'awar tsallakawa Nepal don su taka duwatsun Himalaya da ƙafa. Ban ga laifinku ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma cikin duwatsu 14 na duniya da suka haura mita 8,000, takwas a ƙasar suke. Sai dai na lura duk wanda ya zo mini da zancen, suna ɗaya ne a bakinsa, Everest, wata ɗaya ne kuma a lissafinsa, Oktoba. To ku gyara zama, akwai magana a kan duka biyun.

Watan dai kun zaɓa daidai. Daminarsu tana farawa a Yuni, ba ta ɗaukewa sai wajen ƙarshen Satumba. A tsawon wannan lokaci gajimare ya rufe duwatsu, ƙasa tana zaftarewa ta tare hanya, matsattsaku kuma sun cika daji. Da ruwa ya ɗauke sai sama ta yi garau, a hango ƙololuwa tar daga nesa, ga shi sanyin hunturu bai kankama ba. Shi ya sa baƙi daga kowace nahiya suke tururuwa a Oktoba da Nuwamba. Abin da matafiyi yakan manta shi ne masu ƙasar ma suna da nasu uzurin a waɗannan makonni.

Dashain shi ne babban bikinsu, na kwana 15, kuma da lissafin wata yake tafiya, don haka ranarsa takan motsa tsakanin ƙarshen Satumba da Oktoba. A rana ta goma dattawan gida suke manna wa na ƙasa da su jar shinkafa a goshi, su sa musu albarka, kuma ba wanda yake son wannan rana ta same shi a wani gari. Ku tuna yadda tashar mota take kasancewa ana jajiberin Babbar Sallah, to haka Katmandu, babban birninsu, take komawa: dubban ɗaruruwan mutane suna ficewa zuwa ƙauyukansu, tikitin bas ya ƙare tun da wuri, kujerun jirgin cikin gida sun yi wuya. Ofisoshin gwamnati da bankuna suna rufewa na kwanaki a jere. Bayan kamar mako uku kuma sai Tihar, bikin fitilu na kwana biyar, wanda ake ware rana guda a karrama hankaka, wata kare, wata saniya, a rufe da ranar da 'yar'uwa take yi wa ɗan'uwanta addu'ar tsawon rai.

Masaukan da ke kan hanyoyin dutse ba sa rufewa don biki, lokacin cinikinsu ke nan. Wahalar tana wajen isa bakin hanyar da kuma takardu. Wanda ya nufi zagayen dutsen Manaslu, misali, sai ya sami izini na musamman daga hukumar shige da fice ta hannun kamfani mai rajista, idan kuwa ya sauka Katmandu a tsakiyar hutu, sai ya zauna a otal yana ƙirga kwanakinsa suna zubewa. Tun daga gida ma akwai shiri: masu fasfon Najeriya da Gana da Kamaru ba a ba su biza a filin jirgi, sai sun nema a ofishin jakadancin Nepal kafin su taso. Shawarata, ko dai ku riga cunkoso, ya zamana kuna kan dutse tun kafin a fara ficewa daga birni, ko ku bari ranar goma ta wuce da kwana uku ko huɗu. Ku kuma riƙe tsabar kuɗin ƙasar da za su ishe ku, don a yawancin ƙauyukan kan dutse kati ba ya aiki.

Yanzu maganar Everest. Ba ƙololuwar ake nufi ba, mai mita 8,849, wannan aikin ƙwararru ne. Abin da matasa ke so shi ne sansanin da ke gindinsa, mai tsayin mita 5,364. Tafiya ce ta kusan mako biyu zuwa da dawowa, kuma ƙofarta garin Lukla ne, inda titin saukar jirgi bai wuce mita 527 ba, dutse a gaba, kwazazzabo a baya. Ƙananan jirage ne ke zuwa, suna kuma buƙatar matuƙi ya ga hanya da idonsa, don haka gajimare kaɗan ya isa ya tsayar da zirga-zirga kwana biyu ko uku. A lokutan cunkoso ma akan mayar da tashin jiragen zuwa Ramechhap, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota daga Katmandu, a tashi da tsakar dare. Ɗalibin da ke da hutun kwana 14 cif, ga jarabawa tana jiransa, ya zaɓi wannan hanya, ya ɗaura wa kansa igiya. In jirgi ya makara a farko, zai ce bari ya cike giɓin da sauri a kan dutse. A nan ne ake samun matsala.

Ina so ku fahimci wannan da kyau, don shi ne kan maganar. Mu mutanen fili ne. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba. Dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne, wato Lukla da jirgi zai ajiye ku, mai kimanin mita 2,850, ta riga ta ɗara shi tun ba ku ɗaga ƙafa ba. Daga mita 2,500 zuwa sama jiki yake fara jin ƙarancin iska, a sansanin Everest kuwa abin da numfashi ɗaya ke kai wa huhu kusan rabin na bakin teku ne. Jiki yana iya sabawa, amma a hankali, kuma ƙarfi ba ya sayen wannan sabo. Sau da yawa ma saurayi majiyin ƙarfi ne yake fara kwantawa, saboda shi ne ke iya wuce zango biyu a wuni guda. Ƙa'idar da likitoci suka bayar ita ce, in an haura mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma huta kwana guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Shi ya sa ake kwana biyu a Namche Bazaar, mai mita 3,440, ko da mutum yana jin kansa garau. Ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci da rashin cin abinci su ne alamun farko. Mai jin su kada ya ƙara hawa. In ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko haki yana zaune, ruwa ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa ko huhu, maganinsa a sauko da shi nan take, ko da dare ne. Ƙungiyar ceto ta Himalayan Rescue Association, wadda aka kafa a 1973, tana da ɗakunan shan magani a Pheriche da Manang, likitocinta kan yi wa matafiya bayani kyauta. Ku halarta, ba a girma da tambaya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da Turawan da suka rubuta littattafan jagora. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS. Mai sikila, wato SS, tudu irin wannan haɗari ne gare shi ƙwarai. Mai AS ma, da yake zaune lafiya a gida, an sha samun wanda saifarsa ta kamu da mummunan ciwo a kan tudu saboda ƙarancin iska. Wanda bai san ko yana ɗauke da wannan jini ba ya je a gwada, ya kuma zauna da likita kafin ya yanke tikiti.

To wace hanya? Wanda wannan ne zuwansa na farko, ni dai Annapurna ta ƙasa zan nuna masa. Daga garin Pokhara a bi ta Ulleri da Ghorepani, a hau Poon Hill da asuba, mita 3,210, a ga Dhaulagiri da Annapurna rana tana faɗa musu, a sauko ta Ghandruk, ƙauyen ƙabilar Gurung. Kwana huɗu ko biyar ne, ba jirgin Lukla, ba kwana a wurin da numfashi ke gagara. Kada ku raina ta, matakalar dutsen Ulleri ta fi 3,000, gwiwa za ta ba da labari. Alherinta a wannan lokaci shi ne ta cikin mutane take ratsawa. Za ku ga gonaki hawa-hawa an fara girbin shinkafa da tamba, an kafa dogon lilo na gora a bakin gari yara suna layi, an yi wa gidaje sabon yaɓe, 'yan ci-rani sun dawo da tsaraba. Wanda ya haye can sama inda ba ciyawa, duk wannan ya wuce shi. Mai kwana goma kuma, da ƙafa mai ƙwari, yana iya zarcewa sansanin Annapurna, mita 4,130.

Langtang ma hanya ce mai kyau: wuni guda a mota zuwa Syabrubesi, sai tafiyar kamar mako guda zuwa Kyanjin Gompa da dawowa. Girgizar ƙasar 25 ga Afrilu 2015 ta rufto da dutse da ƙanƙara ta binne ƙauyen Langtang, waɗanda suka tsira suka sake gini, kuma kuɗin da baƙo ya kashe a can yana shiga hannun da ke buƙata.

Babban zagayen Annapurna, mai ƙetare mashigar Thorong La a mita 5,416, ku bar shi sai zuwa na biyu. Mutane suna ɗauka Oktoba ba ta yaudara. A ranar 14 ga Oktoba 2014, ragowar guguwar Hudhud da ta afka wa gabashin Indiya ta iso Himalaya ta zubar da dusar ƙanƙara, mutum 43 aƙalla suka rasu a wannan yanki, baƙi da jagorori da 'yan dako da makiyaya. Shekara goma bayan haka, a ƙarshen Satumba 2024, ana dab da Dashain, ruwan kwana biyu ya kashe fiye da mutum 200, ya yanke manyan hanyoyin shiga Katmandu. Damina ba ta bin kalanda. Kowace hanya kuka zaɓa, ku bar kwana biyu ko uku a gefe waɗanda ba ku ɗora musu komai ba, in jagora ya ce yau ba a tashi, a zauna. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Ku yi inshorar da ta ambaci tsayin da za ku kai ƙarara, don ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu dubban daloli ne.

In duk da haka zuciya ta nace sai Everest, kuma kwanakin sun wadata, to ku jinkirta zuwa ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Sherpa, mutanen wannan yanki, mabiya addinin Buddha ne, nasu bikin shi ne Mani Rimdu, da ake yi a gidan ibadar Tengboche in wata ya cika. Ranakun nan masauki yana wuya a wurin, sai an kama tun da wuri. Daga tsakiyar Nuwamba kuma jama'a tana raguwa, sama tana nan garau, sanyi ne kawai ke ƙaruwa.

Kada in manta da mutumin da zai ɗauki jakarku. Tun Afrilun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta ce baƙo ya tafi da jagora mai lasisi a yawancin hanyoyin, ko da babu doka ma haka ya fi. Jagorori da 'yan dako da yawa mutanen ƙananan tuddai ne, wanda kuwa ya bi ku a makon Dashain ya bar iyayensa da 'ya'yansa ne a ranar da ta fi kowace girma a wurinsu, saboda Oktoba da Nuwamba ne babban lokacin samunsa. Ku tambaye shi tun farko ko yana so a tsara tafiyar ta yadda zai kwana gida ranar goma ko ranar ƙarshen Tihar. Kada kayansa su wuce kilo 20 zuwa 25, ku duba yana da takalmi da rigar sanyi, in rashin lafiya ta kama shi a sauko da shi kamar yadda za a sauko da ku. Ku kyautata masa a ranar sallama. Haƙƙi ne, kuma Allah yana tambaya.

Bikin nasu ne, ku baƙi ne. A Dashain ana yanka awaki da ɓauna don bauta, saboda haka Musulmi ya haƙura da nama. Shinkafa da miyar wake da ganye, abin da suke kira dal bhat, yana kowane masauki, ana dafa shi sabo, ana kuma ƙara wa mutum har ya ƙoshi. A yankin Everest ma ba a yanka dabba, naman da kuka gani a kwando aka hauro da shi tafiyar kwanaki, barinsa ya fi wa ciki. In an miƙo muku jar shinkafar goshi, ku dafa ƙirji ku yi godiya cikin murmushi, ba sa tilasta wa kowa. Kada ku ɗauki hoton mai ibada sai da izninsa. Sallarku kuwa ba ta da wahala, matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, in kuna Katmandu ranar Juma'a akwai masallatai biyu kusa da hasumiyar agogo ta Ghantaghar.

Kafin ku biya kuɗin komai, ku nemi kwanan watan Dashain da Tihar na shekarar, ku yi gwajin jini, ku ƙirga kwanakin hutunku da gaskiya, sannan ku sanar da iyayenku hanyar da za ku bi da ranar da za su ji muryarku. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.