Kuɗin da Aka Ware Daban, Kuɗin da Aka Saki Daban

Buɗaɗɗun bayanan gwamnati su ne takardu da alƙaluman da hukuma take fitarwa fili domin kowa ya karanta ba tare da ya biya kuɗi ko ya nemi alfarma ba, kuma a cikinsu akwai kasafin kuɗi, wato tsarin abin da gwamnati take sa ran samu da abin da take nufin kashewa a shekara, da jerin kwangiloli, da kason da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi 774 kowane wata daga asusun tarayya. A Nijeriya an sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai a 2011, sannan ƙasar ta shiga ƙawancen ƙasashe masu gudanar da mulki a buɗe a 2016, jihohi irin su Kaduna da Kano kuma suka bi sahu. Yadda ake taɓa waya a buɗe shafin da waɗannan bayanai suke ba ya buƙatar dogon bayani, domin matar da take karɓar kuɗin adashi ta waya da ɗan kasuwar da yake tura wa abokin ciniki hoton kaya sun riga sun ƙware a wannan.

Abin da yake buƙatar nanatawa shi ne wata ɗabi'a da ta yi katutu a unguwannin birni, wato mutum ya ga an rubuta sunan unguwarsu a kasafin kuɗi da miliyoyi a gabansa, nan take ya yanke hukunci cewa kuɗin sun fito kuma wani ya cinye. Kuɗin da aka ware ba su ne kuɗin da aka saki ba. Kowace uwargida ta san bambancin da yake tsakanin maigida ya ce gobe zai ba da kuɗin cefane da ya miƙa mata su a hannu, kuma ta san ba a ɗora tukunya a kan alkawari, to, kasafin kuɗi alkawari ne da majalisa ta amince da shi, sakin kuɗi kuwa mataki ne na daban da yake iya zuwa cikakke, ko rabi, ko ya ƙi zuwa sam har shekara ta ƙare.

Ana ganin wannan ɗabi'a a gidaje da yawa bayan sallar isha'i. Maigida yana zaune a kan tabarma, tuwo bai gama hucewa ba, sai ga saƙon murya a WhatsApp yana cewa an ba da kuɗin gyaran lambatun layin tun bara, mai unguwa da kansila sun raba. Uwargida, wadda ruwan daminar bara ya shigar mata ɗaki ya jiƙa katifa da buhun masara, ta tafa hannu ta ce, “Malam, ai dama na faɗa maka, ka dubi sabon babur ɗin da ɗan mai unguwa yake hawa!” Amarya daga bakin murhu ta ƙara da cewa ita kam ta daina zuwa suna a gidan. Ɗan gidan da yake aji biyar na sakandare ya karɓi wayar, ya buɗe hoton takardar da aka haɗo da saƙon, ya ce, “Baba, an yanke saman takardar, babu shekara, babu sunan ma'aikata, kuma layin da aka zagaye na kuɗin da aka ware ne.” Maigida ya ce yaron zamani ya fiye musu, ya fizge wayarsa, kafin a kwashe kwanuka ya tura wa zauren masallaci da na 'yan kasuwa. Da gari ya waye an daina gaisawa da iyalan mai unguwa, alhali babu wanda ya tambaya ko an saki ko da sisin kwabo. Abin takaici shi ne, waɗanda suka fi kowa saurin tura irin wannan saƙo su ne suke aiken yara da daddare su juye shara da ledoji a cikin lambatun da suke kuka a kansa.

Illar wannan gaggawa ba ta tsaya ga ɓata zumunci ba, domin tana sa jama'a su kai kukansu inda ba shi da amfani. Dalma da ta gurɓata ƙauyukan masu haƙar zinariya a Jihar Zamfara, wadda aka gano a 2010, ta kashe yara aƙalla 400, kuma a 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin share gurɓatacciyar ƙasa a Bagega, cikin ƙaramar hukumar Anka, amma watanni suka shuɗe ba a sake su ba, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuwa ba su iya fara yi wa yaran magani ba sai an tsabtace gidajen. Matasan da suka kafa shirin Follow The Money, a ƙarƙashin jagorancin Hamzat Lawal, sun gane matakin da kuɗin suka maƙale, suka matsa lamba a daidai wurin, har aka sake su a farkon 2013. Da sun ɗauka kuɗin sun riga sun isa ƙauye, da sun ɓata ƙarfinsu wajen zargin mutanen da ba su taɓa ganin kuɗin ba. Saboda haka kada mai karatu ya tura wani adadi ga kowa sai ya san hukumar da ta fitar da shi, da shekararsa, da kuma ko warewa aka yi ko saki.

Hanyoyin bincike suna nan. Jihohi suna wallafa rahoton aiwatar da kasafin kuɗi wata uku-uku, inda ake jera abin da aka ware kusa da abin da aka kashe, kuma layi na biyun ne ya kamata ido ya fara sauka a kai. A watan Disambar 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin baitulmali inda aka umarci ma'aikatu su bayyana duk biyan da ya haura naira miliyan 5. Ƙungiyar BudgIT, da aka kafa a Legas a 2011, tana da shirin Tracka na bin sawun ayyukan mazaɓu, Jihar Kaduna kuma ta samar da manhajar Eyes and Ears, wato ido da kunnen jama'a, wadda ake tura hoton aiki da bayanin halin da yake ciki. Wanda bai sami amsa a waɗannan wurare ba yana da ikon rubuta wa ma'aikata takarda, dokar 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa, ba a tilasta masa faɗin dalilinsa, kuma wanda bai iya rubutu ba an yarda wani ya nema a madadinsa.

Aikin da yake gaban mai karatu shi ne ya je wurin wani aikin gwamnati da yake kusa da gidansa, ko kwalbati ne ko aji ko rijiyar burtsatse, ya kwafe abin da yake jikin allon aikin cikin littafinsa: sunan aikin, ma'aikatar da ta bayar, ɗan kwangila da shekara. Daga nan sai a nemo waɗannan ayyuka a rahoton jiha, a duba nawa aka ware, nawa aka saki, kuma kafin nan kada kowa ya tura wa maƙwabci komai.