Tabarmar kaba ta Madawa

Madawa, cikin jihar Tawa, ta yi suna wajen saƙar tabarma. Da kaba ake saƙa ta, wato ganyen ƙaramar goriba. Mata na shanya kaba, su tsaga ta, su rina wata. Su saƙa dogayen layuka, sannan a ɗinke su. Da kuɗin tabarma mace ke sayen gishiri da sabulu, har da kayan ɗakin ɗiyarta.

Yau sana'ar na ja da baya. Tabarmar roba ta cika kasuwa, ga ta da arha. Amma rana na cinye ta, in ta yage kuma sai yarwa.

Kaba kanta na ƙaranci. In kullum ana yankan ta, ba ta girma ta zama goriba. Shi ya sa a Gulbin Kaba, wajen Mayahi, wasu manoma ke barin tsiro ɗaya ko biyu a kowane gindi lokacin sassabe.

In masu saƙa sun kafa ƙungiya, sai su sayi kaba lokacin da take arha, su tsai da magana ɗaya gaban dillali. Wadda ta iya rubutu ita za ta riƙe littafin lissafi.