Littafi guda, ra'ayi daban-daban



Darasinmu na yau a kan wani littafi ne, da abin da mutane ke cewa in sun karanta shi. Sunan littafin tambaya ce: Wa Zai Auri Jahila? Ku sake karanta sunan sannu a hankali. Kalmar ƙarshe tana da zafi. Da yawa cikinmu an taɓa jifar mu da ita, ko a kasuwa, ko a likita, ko cikin gida. Wataƙila ma zafinta ne ya kawo wasunku wannan aji. To, ku gyara zama, zancen namu ne.

Littattafan soyayya

In kun shiga kasuwar Maradi ko ta Damagaram, kun taɓa ganin ƙananan littattafan Hausa a teburin mai littattafai. Ba su da kauri. Sau da yawa akwai hoton mace a bangonsu. Su ne ake ce ma littattafan soyayya. Galibinsu daga Kano suke fitowa, a Nijeriya. Ƴan kasuwa ne ke shigo da su, kamar yadda suke shigo da atamfa da takalmi.

Waɗannan littattafai sun fara yawa a shekarun 1980. A shekarun 1990 sai suka cika kasuwa. Marubutan su ke biyan kuɗin bugawa da kansu, su kai wa masu saidawa. Da yawa cikin marubutan mata ne. Masu karantawa ma mata sun fi yawa. Littafi guda yakan zaga gida biyar ko shida, har bangonsa ya cire. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. A yau kuma labaran sun shiga wayar salula. Ana tura su ta WhatsApp da Facebook, ana sauraren su ta YouTube.

Wadda ta rubuta littafin

Sunanta Balaraba Ramat Yakubu. An haife ta a Kano a 1959. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Muhammed, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 zuwa 1976. Amma zama ƙanwar babban mutum bai ba ta karatu ba. An fidda ta daga makarantar boko tana yarinya, aka yi mata aure tana da shekara kamar 13. Auren bai kai shekara 2 ba ya mutu.

Bayan ta dawo gida, sai ta shiga ajin karatun manya. Aji ne irin wannan da kuke zaune ciki. Nan ta ƙware ga karatu da rubutun Hausa. A 1987 ta fitar da littafinta na farko, Budurwar Zuciya. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? Wani littafin nata, Alhaki Kuykuyo Ne, an juya shi zuwa Ingilishi, aka buga shi a ƙasar Indiya a 2012. Kun gani ke nan, gaskiyar masu iya magana: gemu ba ya hana ilimi.

Labarin a taƙaice

Yarinyar da ke cikin labarin sunanta Abu. Shekarunta 13, a ƙauye take, kuma tana son karatu ƙwarai. Ubanta ya fidda ta daga makaranta don ya yi mata aure. Saurayin da aka so haɗa su ɗan'uwanta ne, ya yi karatun boko. Sai ya ƙi ta, wai shi ba ya auren jahila. Uban ya ji kunya, ya hasala. Sai ya ɗauke ta ya ba wani dattijo mai dukiya da ake kira Sarkin Noma.

Abu ta sha wuya a wannan gida. Daga baya ta gudu birni, wurin wata ƴar'uwar iyayenta. Can ta koma karatu a ajin manya, ta yi ta ci gaba har ta koyi aikin jinya. Sauran labarin ba za mu faɗa muku ba. Ku nemi littafin ku ga yadda aka ƙare.

Ana lissafa shi cikin littattafan soyayya. Amma kun ji, soyayyar da ke ciki ba zuma ce zalla ba. Akwai maɗaci.

Me masu karatu ke cewa?

Ku ɗauka a ce kuna tsakar gida bayan sallar isha'i. Ɗaya cikinku na karanta littafin da ƙarfi, sauran na saurare. An kai ƙarshe, an rufe littafi. Kuna tsammani kowa zai faɗi magana guda? A'a. Ga irin abin da za ku ji.

Budurwar gidan za ta ce littafin ya yi daɗi, har ya sa ta kuka. Ita Abu take gani. Duk wuyar da Abu ta sha, ji take kamar a jikinta ne. Abin da ya fi burge ta shi ne Abu ba ta zauna tana kuka ba har abada. Ta tashi ta nemi mafita.

Uwar gidan za ta yi shiru tukuna. In ta buɗe baki sai ta ce: wanga ba labari ba ne, haka aka yi mini. Ita ba daɗin labarin ya dame ta ba. Tuna baya ta yi, kuma ta dubi ɗiyarta. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Mai gida kuwa yana iya ɓata rai. Zai ce an zagi iyaye. Zai ce uban Abu ba mugu ba ne, tsoron abin kunya ne ya sa shi gaggawa. Zai ƙara da cewa in ƴan mata suka karanta wannan, za su koyi gudu daga gidan miji. Kada ku yi masa dariya. Tsoron nasa na gaske ne, kuma iyaye da yawa suna da irinsa.

Saurayin da ya dawo daga fada zai ce duk laifin na ɗan bokon nan ne. Da ya aure ta ya koya mata karatu, da ba a kai ga haka ba. Girman kai ne ya jawo komi.

Tsohon da ya yi karatun allo shi kuma sunan littafin zai kama. Zai ce: wa ya ce wanda bai je lakwal ba jahili ne? Wanda ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami, ai ba a ce masa jahili. Wannan ma magana ce mai nauyi. Sai dai a tuna masa, a cikin labarin saurayin ne ya ga Abu jahila ce. Mai rubutu ta nuna mana ɗacin kalmar ne, ba ita ke zagin Abu ba.

Kun ji mutum 5, kun ji ra'ayi 5. Littafin bai sake ba, baƙaƙen da ke ciki suna nan yadda suke. To, me ya raba su? Kowa ya zo wurin karatu da kayansa. Budurwa ta zo da burinta, uwa ta zo da tabonta, uba ya zo da tsoronsa. Littafi kamar madubi yake, kowa ya leƙa sai ya ga wani abu nasa.

Kuma zancen bai yi nisa da mu ba. Wani babban bincike da aka yi a Nijar a 2012 ya duba mata masu shekara 20 zuwa 24. Cikin kowace 100, an sami 76 da aka yi wa aure kafin su cika shekara 18. Shi ya sa in an karanta labarin Abu a nan, da wuya a tashi ba gardama.

Gardama ta fita daga gida

Ba wannan littafi kaɗai aka yi gardama a kansa ba. Dukan littattafan soyayya sun sha magana. A shekarun 1990, malaman jami'a a Nijeriya sun yi ta musu a kansu cikin jaridu. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano. A ganinsa an rubuta su don neman kuɗi, ba su da zurfi. Malam Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya kare su. A ganinsa sun sa mutane da yawa karatun Hausa, musamman mata, kuma suna taɓo matsalolin gida na gaske.

Masu karatu su ma ba su yi shiru ba. Marubuta sukan sa adireshinsu cikin littafi. Sai wasiƙu su yi ta zuwa. Wani ya yaba, wani ya yi faɗa. Wata ta ba da labarin auren dole da ake shirin yi mata, ta nemi shawara.

A 2007 abin ya yi tsanani. Hukumomin jihar Kano suka tara littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Suka ce littattafan na ɓata tarbiyya. Marubuta suka nuna ɓacin ransu. Wutar ta ci takarda, amma ba ta hana rubutu ba, ba ta hana karatu ba.

Mu faɗi gaskiya: ba duka littattafan ke da kyau ba. Akwai masu koyar da hankali, akwai na shirme, akwai waɗanda bai kamata yaro ya gani ba. Haka kayan kasuwa suke. To, ta yaya za a rarrabe?

Wanda ya karanta da wanda aka gaya wa

Ga zuciyar darasinmu. Masu magana a kan littafi kashi biyu ne. Akwai wanda ya karanta. Akwai wanda aka gaya wa. Na biyun yakan fi ɗaga murya. Za ku ji ya ce littafin kaza na banza ne. In kun tambaye shi wane shafi, sai ya ce shi dai haka ya ji.

A da, mu ma cikin kashi na biyu muke. Ba laifinmu ba ne, ba mu da hanya. In an ce takarda ta ce kaza, sai mu yarda. In ɗiyarmu ta ɓoye littafi ƙarƙashin matashin kai, abu biyu kawai muke iya yi: mu ƙwace, ko mu ƙyale. Duka biyun a makance ne.

Yanzu kuna da hanya ta uku. Kuna iya buɗe littafin ku karanta da kanku. In mai kyau ne, ku sani. In maras kyau ne, ku nuna wa yarinya wurin da ya ɓaci, ku gaya mata dalili. Yaro ya fi jin maganar wanda ya san abin da yake hanawa. Gani ya kori ji.

Yadda za ku faɗi ra'ayinku

In kun karanta labari, aka tambaye ku yaya kuka gan shi, kada ku tsaya ga "ya yi daɗi" ko "bai yi ba". Ku bi matakai 3.

Na farko, ku faɗi abin da ya faru cikin labarin, ba ƙari ba ragi. Wa ya yi me? Wa ya faɗi me? Ku lura, maganar mutumin cikin labari daban, ra'ayin mai rubutu daban.

Na biyu, ku faɗi abin da kuka ji a ranku, da wurin da ya sa ku jin haka. Misali: na ji haushi lokacin da aka fidda Abu daga makaranta.

Na uku, ku saurari wanda ya saɓa muku har ya gama. Ku tambaye shi dalilinsa. Wataƙila ya ga abin da ba ku gani ba. Ba dole ne a tashi baki ɗaya ba. Abin da ake so shi ne kowa ya tashi da ƙarin fahimta.

Matar da ta rubuta labarin Abu ta taɓa zama kan benci tana haɗa baƙi da wasali, kamar ku. Yau mutane na gardama a kan abin da ta rubuta. Ku ma kuna da wuri cikin wannan gardama. Ku shiga da littafi a hannu.

Kalmomin da za a lura da su

Ra'ayi: yadda mutum yake ganin abu a ransa.
Marubuci: mai rubuta littafi. Mace marubuciya, jam'i marubuta.
Adabi: labarai da waƙoƙi da wasannin da al'umma ta ƙirƙira.
Bango: takarda mai kauri da ke rufe littafi gaba da baya.
Jinya: kula da maras lafiya.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Balaraba Ramat Yakubu? A wace shekara?
2. A ina ta ƙware ga karatu da rubutu?
3. Me ya sa saurayin ya ƙi auren Abu?
4. Cikin mutum 5 na tsakar gida, maganar wa ta fi kama hankalinku? Don me?
5. Me ya faru a Kano a 2007?
6. Wace hanya ta uku karatu ya buɗe wa iyaye?

Aiki

Ku ɗauki kayenku. Ku rubuta layi 5 zuwa ga uban Abu. Ku gaya masa ra'ayinku cikin ladabi, kamar yadda za ku yi wa dattijon unguwarku magana. Ran aji mai zuwa kowa zai karanta nasa, mu ji.